Rana a Gidan Mista Hollis

Ni 'yar Gashuwa ce.
Na san azumin watan Afrilu,
lokacin da maƙogwaro ke komawa tsohuwar rijiya.
Don haka da rediyo ya ce Leicester za ta yi zafi,
dariya na yi har da riƙe ciki.
Wanda ya ƙetare kogi, me kududdufi zai yi masa?

Ashe gidajen nan don hunturu aka gina su.
Jan bulo, taga mai gilashi biyu, kafet har bakin bayi.
Ɗumin da ya shiga ba ya fita,
kamar kwabo a hannun marowaci.
Babu zaure, babu inuwar darbejiya,
babu randa a lungu tana gumi.

Ƙarfe ɗaya na buɗe ƙofar Mista Hollis,
tsohon direban jirgin ƙasa, tamanin da huɗu.
Yana zaune cikin rigar sanyin
da marigayiya matarsa ta saƙa masa.
Shayin safe na nan, har ya yi fata a kofi.
Ya dube ni ya ce, Doreen.
Shekara biyu yana kirana Lantana babu tuntuɓe.

Na taɓa goshinsa. Zafi, kuma a bushe,
kamar cikin tanderu bayan an kwashe gurasa.
A nan dariyata ta ƙare.
Jikin da ya daina gumi a irin wannan rana
ya gaji da roƙo ne, ya yi shiru.

Waya maƙale a kafaɗa ina kiran motar asibiti,
yatsuna na kokawa da maɓallan rigar.
Na ja labule.
Jiƙaƙƙen tawul a wuya, wani a hammata,
fifita da jaridar jiya.
Kurɓa kaɗan-kaɗan, Baba, ba tsere muke ba.

Sai na ji haki a ƙarƙashin tebur.
Biskit ne, harshe a waje kamar tsumma,
kwanonsa ƙayau.
Ni da kare dai gaisuwar nesa ce,
tun ina yarinya hanya nake canzawa.
Amma Iya Tabawa takan ce
ƙishirwa ba ta tambayar mai rai sunansa.
Na ɗauke shi, ni ɗin nan, da hannuna biyu,
na kwantar a tayil ɗin kicin,
na jiƙa masa ciki da tafin ƙafa,
har numfashin ya sauko daga gudu zuwa tafiya.
Daga baya na wanke hannu sau bakwai.
Allah na gani, ban yi nadama ba.

Kwana uku ya yi a asibiti.
Ya dawo da ƙorafin abincinsu,
na ce alhamdulillahi, ya warke.

Yanzu taga a rufe take wuni, sai dare a buɗe.
Na ja wa tulun roba layuka da biro,
yana sha yana mita, wai na mai da shi shuka.
Biskit kuwa, bayan asuba muke fita.
Nakan ɗora bayan hannuna a kan kwalta in ƙirga bakwai;
in ni ban jure ba,
shi da ba shi da takalmi fa?
Jiya a bakin kanti na ga wani zai bar nasa a mota,
wai minti biyar kawai.
Na tsaya masa a gaba da Turancina mai karaya
har sai da ya buɗe ƙofa.

Daren Juma'a na kira Inna.
Ta ce, a Ingila? Zafi?
Ta yi dariya irin tawa ta wancan makon.
Ban yi musu ba.
Na dai ce, Inna, kin sha ruwa?
Akuyoyin fa, an cika musu kwatarniya?